Harafin da ya ƙi ɓuya: haruffan ɗab'i a hannun masu zane da masu sassaƙa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya yi shekarar farko a sashen nazarin harsuna ya gamu da misalin harafin t da ke cikin darussan Ferdinand de Saussure, waɗanda aka wallafa a shekara ta 1916 bayan rasuwarsa. Mutum ɗaya yana iya rubuta t ta hanyoyi da dama, dogo ko gajere, a miƙe ko a karkace, amma duk t ɗin ne muddin bai rikiɗe ya koma l ko d ba. Ko da alli aka rubuta shi, ko da tawada, ko an sassaƙa shi a jikin dutse, wannan bai shafi tsarin harshe ba. Abin da muke koya wa ɗalibai ke nan, kuma gaskiya ne. Ma'aikacin maɗaba'a shi ma a kan wannan ra'ayi yake aiki. A wurinsa harafi mai kyau shi ne wanda ido ke wucewa ta kansa bai lura da shi ba, kamar yadda matafiyi ba ya tuna takalminsa sai ya matse shi.

A cikin ƙarni na 20 wasu masu zane da masu sassaƙa na Turai da Amurka sun ɗauki wannan harafi na maɗaba'a, suka fitar da shi daga shafi, suka tilasta wa ido ya tsaya a kansa. A cikin wannan ɗan nazari za mu duba wasu daga cikin ayyukansu, mu ga inda abin ya yi armashi da inda ya gaza. Ra'ayinmu shi ne aikin yana da ƙarfi ne muddin mai kallo bai daina karatu ba, wato yana gani yana kuma karantawa, kowanne na jan ɗan'uwansa. Da zarar karatun ya mutu, abin da ya rage ado ne kawai.

Sai mu yi iyaka tun da wuri. Zayyanar allon sauka da muka sani a makarantunmu, da aikin Hawad, mawaƙi mai zane ɗan Ayar wanda ke sarrafa haruffan tifinar, da na Ibrahim El-Salahi na Sudan, duka aikin hannu ne, ana ganin sawun alƙalami da numfashin marubuci a ciki. Harafin da muke magana a kansa a nan ba shi da hannu. An zuba shi a ma'auni ɗaya domin a maimaita shi sau dubu ba tare da ya canza ba.

2. Paris, 1911 zuwa 1912

Georges Braque ɗan mai fentin gidaje ne, kuma shi kansa ya koyi wannan sana'a kafin ya shiga zane. Daga can ya san abin da Faransawa ke kira pochoir, wato farantin ƙarfe ko kwali da aka huda siffar harafi a jikinsa, a ɗora a shafa fenti, irin rubutun da muke gani a jikin akwatunan kaya da buhuna. A zanensa mai suna Le Portugais na shekara ta 1911, wanda ke ajiye a birnin Basel na ƙasar Suwis, an farfasa siffar makaɗin har da ƙyar ake gane inda kansa yake. Amma a sama ta hannun dama ga haruffa nan garau, D BAL, da wasu lambobi a ƙasansu. Kowane abu a cikin zanen ya narke, ban da su.

Dalilin a bayyane yake. Harafi ba shi da baya, ba shi da gefe, ba a kewaya shi a gan shi ta wata fuska kamar yadda ake kewaya tulu. Saboda haka yana zaune a kan fuskar ƙyallen, yana tuna wa mai kallo cewa abin da ke gabansa shimfiɗaɗɗen abu ne. Wannan shi ne bayanin da masu tarihin zane suka saba bayarwa. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne D ɗin nan da ke tsaye shi kaɗai. Mai jin Faransanci ba ya iya barinsa haka, nan take zai cika shi ya karanta GRAND BAL, ya ga takardar shelar rawa manne a gilashin mashaya. Haruffa huɗu da ba a rubuta ba suna aiki a cikin zanen, kuma mai kallo ne ya kawo su daga cikin kansa. Wanda bai ji Faransanci ba, wani zane dabam yake kallo.

A shekara ta 1912 Pablo Picasso ya yi irin wannan da JOU, a cikin ƙaramin zanen nan mai siffar ƙwai da ya kewaye da igiya. Farkon kalmar journal ne, jarida, amma kuma farkon jouer ne, wasa. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan, ba za mu ƙara ba.

3. Robert Indiana

Sunansa na yanka Robert Clark, an haife shi a shekara ta 1928, ya ɗauki sunan jiharsu ta Indiana ya mai da shi nasa. Shi ma ta hanyar farantin huda ya shigo, domin ya tsinci wasu tsofaffi na tagulla a ɗakin da yake aiki kusa da tashar jiragen ruwa ta Niyok. A bikin baje kolin duniya na shekara ta 1964 a wannan birni, ya kafa wani babban allo mai fitilu ɗauke da kalmar EAT, wato «ci». Ba a daɗe ba aka kashe fitilun, saboda jama'a sun yi ta tururuwa suna neman gidan abincin. Ana ba da wannan labari don dariya, amma a ganinmu darasi ne. Kalmar umurni ce, mutane kuwa suka bi umurnin. A nan karatu ya rinjayi kallo gaba ɗaya, har ba wanda ya ga aikin fasaha.

A LOVE ne ya sami daidaito. Siffar ta bazu ne ta katin gaisuwar Kirsimeti da gidan adana zane-zanen zamani na Niyok ya buga a shekara ta 1965: L da O a sama, V da E a ƙasa, jajayen haruffa masu kauri a kan shuɗi da kore, O kuma ya karkata zuwa dama. A shekara ta 1970 aka ƙera ta da ƙarfe, tsayinta ya haura mita uku da rabi, tana birnin Indiyanapolis. A 1973 gidan wayar Amurka ya buga ta a tambur na santi 8, fiye da miliyan 300.

Mu dubi abin da idon mai nazarin harshe. Kalmar love a bakin Bature gaɓa ɗaya ce mai sauti uku. Harafin e na ƙarshe ba a furta shi, ragowar tsohon furuci ne da rubutu ya riƙe bayan baki ya yar. To amma ba don wannan mataccen harafi ba, da murabba'in bai tashi ba, domin haruffa uku ba su cika kusurwa huɗu. Wato rubu'in wannan ƙarfe mai nauyin gaske yana tsaye ne a kan abin da ba shi da sauti ko kaɗan. Kuma rabawar da aka yi, LO a sama VE a ƙasa, ba ta bi gaɓa ba, tsaga gaɓar ta yi biyu. Bature yana jin wannan tsagewa ko bai san sunanta ba: idonsa na ganin biyu, kunnensa na jin ɗaya. Bahaushen da ya koyi boko da harshensa kuwa zai karanta lo-ve, baƙi da wasali, baƙi da wasali, daidai da tsarin gaɓar da ya saba, ba abin da zai dame shi. Ƙarfen ɗaya ne, amma rikicin da ke ba shi rai yana cikin Ingilishi.

Saussure ya koyar da cewa magana a jere take tafiya, sauti bayan sauti, kamar zare. Indiana ya naɗe zaren ya mai da shi tubali. Ana iya karanta shi, amma sai ido ya sauko ya koma hagu a tsakiyar kalma. In kuma aka zo ga sassaƙar, harafi ya sami abin da Braque ya ce ba shi da shi, wato kauri da baya. Wanda ya tsaya a gefe ba ya ganin kalma, sai bango. Wanda ya zagaya baya yana ganinta a juye. Wuri ɗaya ne tak, a gaba, inda ƙarfen ke magana, kuma can ne masu ɗaukar hoto ke yin layi.

Shi kuwa O da ya karkata, shi ne t ɗin Saussure da aka ɗauka da gaske. Karkatar ba ta canza kalmar ba, O ne dai. Amma da yake sauran ukun suna tsaye ƙyam kamar sojoji, wannan ɗan bambanci da tsarin harshe ya ce ba kome ba ne shi ya kwashe hankalin mai kallo duka. An ba shi fassara iri-iri, daga ta sha'awa har zuwa ta raunin soyayya. Ba mu ga amfanin zaɓen ɗaya ba. Abin lura shi ne ma'ana ta shigo ta ƙofar da muka ce a rufe take.

Da aka zo kai aikin wasu harsuna sai iyakarsa ta fito. A shekara ta 1977 an yi na Ibrananci a birnin Ƙudus, kalmar ahava, wadda ta yi sa'a haruffanta huɗu ne. An yi AMOR, wanda ya dace da Latin da Sifaniyanci, ko da yake AM da OR sun yanka a-mor a wurin da ba gaɓa. Faransanci bai shiga ba, amour haruffa biyar ne. Da za a gwada da Hausa, so ya yi kaɗan, ƙauna ta yi yawa. Sa'an nan a shekara ta 2008 ya fito da HOPE domin yaƙin neman zaɓen Barack Obama, da O a karkace kamar wancan. A ganinmu wannan maimaici ne kawai. Karkatar da ta kasance abin mamaki ta koma tambarin kanti. Shi kansa Indiana, wanda ya rasu a 2018, bai yi rajistar mallakar LOVE a kan lokaci ba, aka yi ta kwaikwayonta a zobba da riguna ba da izininsa ba. Wanda ya gina aikinsa da harafin da aka yi domin maimaitawa, da wuya ya hana a maimaita shi.

4. Inda karatu ya mutu

Tun a shekarun 1940 Isidore Isou da ƙungiyarsa ta masu bin harafi a Paris suka yi shelar raba harafi da kalma. Jikan wannan ra'ayi a yau shi ne Jaume Plensa, ɗan Barsalona. A bakin teku a garin Antibes na Faransa akwai aikinsa mai suna Nomade, na shekara ta 2010: siffar mutum zaune ya rungume gwiwoyinsa, tsayinsa wajen mita takwas, an haɗa shi da fararen haruffan ƙarfe da aka liƙa da walda, ana shiga cikinsa a ga sama ta tsakaninsu. Yana da kyau, ba mu musa ba, musamman da dare in an kunna fitila. Amma ba abin karantawa a jikinsa. Ana iya sauya kowane harafi da wani, aikin ba zai ji ba. A wasu ayyukan nasa ma yakan gauraya haruffan Latin da na Larabci da na Ibrananci da na Sin da na Girka, da nufin nuna haɗuwar al'ummomi. Niyyar mai kyau ce, sai dai a irin wannan taro ba harshen da ke magana.

Kuma akwai wani abu da wannan hanya ke mantawa: abin da yake ado da abin da yake bambanta ma'ana, kowane rubutu da inda ya ja nasa layin. Mu da ke rubutu da ƙ da ɗ da ɓ, har da ƴ a nan Nijar inda maƙwabtanmu na Najeriya ke sa 'y, mun san wannan a jikinmu. Lanƙwasar da ke kan ƙ, wadda taron Bamako na shekara ta 1966 ya tabbatar mana, a idon baƙo wata ƴar kwalliya ce irin ta karkatar O. Alhali ita ce tsakanin kafa da ƙafa, tsakanin kara da ƙara. Waɗanda suka yi aiki a zamanin keken rubutu na Faransanci sun tuna yadda ake bin shafi da biro ana ƙara lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, in an manta guda jimla ta sauka a wani wuri. Haka abin yake a ajami. Harafi mai ɗigo ɗaya a sama, a littafin da aka buga a Alƙahira fa ne, amma a rubutun Magariba da almajiran Damagaram ke yi a allo, ƙaf ne, shi kuwa fa ɗigonsa a ƙasa yake. Masassaƙin da ya yanko wannan harafi ya liƙa shi a kafaɗar mutum-mutuminsa bai san wanne daga cikin biyun ya ɗauko ba, kuma tsarin aikinsa bai ba shi dalilin tambaya ba.