Masu Miƙe Ƙafar Jarirai

A cikin kowane jarirai dubu da aka haifa, ana samun kamar guda ɗaya da ke zuwa duniya da murɗaɗɗiyar ƙafa. Tafin yana kallon ciki, yatsun sun nufi ɗaya ƙafar, dunduniya ta ɗage sama, in ka kama za ka miƙe ta sai ka ji ta cije. Maza sun fi mata samunta, kusan ninki biyu, kuma wajen rabin yaran duka ƙafafun biyu ne ke zuwa a haka. Jaririn ba ya jin zafin komai a lokacin. Wahalar tana gaba, ranar da zai miƙe tsaye ya tarar ba shi da tafin takawa, sai ya dinga taka gefen ƙafa, wani ma bayanta, wurin ya yi kanta, kantar ta tsage, takalmi ya gagara.

Wannan ba shan inna ba ce. Shan inna tana kama yaro ne bayan an haife shi lafiya, ta shanye masa ƙafa. Wannan kuwa tun daga ciki ake zuwa da ita, kuma tsokar tana da ƙarfinta. Ba karaya ba ce, ba targaɗe ba, saboda haka karan mai ɗori ba shi da aiki a nan komai gwanintarsa. Ƙasusuwan duk suna nan cif, sai dai kowanne ya goce daga mazauninsa, jijiyoyin ciki da na baya sun ɗaure tamau suna riƙe da su a karkace. Ba kuma wani abu uwa ta ci ko ta tsallaka ba. Dole a faɗi wannan, domin a gidaje da yawa kafin a yi maganar asibiti an riga an gama yi wa maijego shari'a.

Mutumin da ya gano yadda ake lallaɓa irin wannan ƙafa ta koma daidai ba tare da an farke ta ba shi ne Ignacio Ponseti, wanda aka haifa a 1914 a tsibirin Menorca na ƙasar Sifen. Ɗan mai gyaran agogo ne, kuma wanda ya ga yadda aikinsa yake ba zai yi mamakin hakan ba. Ya gama karatun likita a Basalona a 1936, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ya yi ta ɗinke raunuka da gyara karayar sojoji har ɓangarensu ya sha kaye. Ya gudu Faransa, daga can Meziko, a 1941 ya isa Jami'ar Iowa a Amurka, inda ya ƙare rayuwarsa.

A wancan zamani wuƙa ce ke da daraja. Ana buɗe ƙafar yaro, a yanke jijiyoyi, a saki gaɓoɓi, a jera ƙasusuwa, a ɗinke. Ranar da aka cire bandeji ƙafa ta yi kyau, kowa ya yi murna. Ponseti sai ya bi sawun waɗanda aka yi wa wannan aiki shekaru da dama baya, ya tarar da manyan mutane masu ƙafafu sandararru, marasa ƙarfi, masu ciwo. Tabon aiki ya ɗaure abin da aka ce an saki. Sai ya koma tushe: ya dinga feɗe ƙafafun jariran da aka haifa ba rai yana duba yadda kowane ƙashi ke zaune da yadda yake motsi a kan ɗan'uwansa. Abin da ya fahimta shi ne ƙasusuwan tsakiyar ƙafa da na dunduniya ba sa tafiya ɗaya-ɗaya. A haɗe suke juyawa, kuma duk suna kewaya ƙashi guda da ke zaune ƙarƙashin idon sawu, wanda likitoci ke kira talus. In aka riƙe wannan ƙashi kada ya motsa, aka tura sauran ƙafar waje a hankali, kowane ƙashi zai bi hanyarsa ya koma gida da kansa.

Ga yadda abin yake a ɗakin aiki. Jariri yana kan cinyar uwarsa ko kan tebur, an fi so yana shan nono ko ya ƙoshi, domin yaro mai tsala ihu yana ƙanƙame ƙafa. Mai aikin zai fara laluben gaban idon sawu na waje da babban yatsansa har ya ji wani ɗan tudu ƙarƙashin fata. Kan talus ke nan. A ƙafar ɗan sati biyu, wadda duka-duka ba ta wuce tsawon yatsan babba ba, kuma yawancinta guringuntsi ne, gano wannan tudu shi ne rabin sana'ar. Kuskuren da bai kai faɗin farce ba sai yatsa ya sauka a kan ƙashin dunduniya, ya tare shi, ya hana shi zamewa waje, a yi ta ɗauri wata da watanni ƙafa ba ta gyaru ba. Hanyar da ta shahara kafin ta Ponseti, ta wani likitan Amurka mai suna Kite, a nan ta yi tuntuɓe. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi wurin da zai taɓa, a kuma fi tsananta masa kan wurin da ba zai taɓa ba: dunduniya a bar ta sakaka.

Ɗaurin farko shi ne ya fi ruɗa iyaye. Ƙafar tana da rami mai zurfi a tafinta, domin gabanta ya murɗe ya saɓa wa bayanta. Kafin a yi komai sai an daidaita gaba da baya, kuma ana yin haka ne da ɗaga ƙashin babban yatsa sama, abin da ke sa tafin ya ƙara kallon ciki. Uwa na gani sai ta ce, "Likita, ai kamar ƙara karkata ta kuka yi." Amsar da takan samu ita ce, "Haka ake so, Hajiya, ki dawo mana sati mai zuwa ki gani." Duk wanda ya bi abin da ido ke so, ya danna tafin ƙasa don ya yi kama da na mutane tun ranar farko, ya ƙara zurfin ramin ya kulle ƙasusuwan.

Daga nan sai turawa waje. Babban yatsa a kan talus, ɗaya hannun ya kama gaban ƙafar ya kai ta waje har inda jijiya ta ce ya isa, a tsaya nan kamar minti guda. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne jijiyar jariri tana da laushin da ta babba ba ta da shi, amma wanda ya ɗauki karin maganar a matsayin izinin sa ƙarfi ya ɓata aiki. Jijiyar jariri tana da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe a cikin zarenta. In aka ja ta a hankali sai su miƙe, in aka riƙe ta a haka kwana biyar zuwa bakwai sai ta ƙaru, sababbin lanƙwashe su fito, a samu abin ja a mako na gaba. Guringuntsin ma yana sake siffa ya bi sabon zaman. Gwani yana karanta fuskar yaro yayin da hannunsa ke aiki. In yaro ya yamutsa fuska don zafi, an wuce gona da iri.

Sai filasta, wadda aka fi sani da siminti. Mutum biyu ne ke aikin, ɗaya ya riƙe ƙafa a inda aka kai ta, ɗaya ya naɗa auduga siririya sannan ya bi da filasta. Kafin ta daskare mai riƙon zai dinga shafa ta yana fitar da siffar dunduniya da idon sawu da tafi, yatsunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, domin yatsan da ya daɗe a wuri guda yana barin rami, ramin kuma ya zama gyambo. Ana kai ɗaurin har saman cinya, gwiwa a lanƙwashe, don kada yaro ya yi ta harbe-harbe ya zame shi, kuma don kada ƙafar ta juya ta koma ciki. Yatsun ƙafa a bar su a waje. Su ne za su gaya wa uwa halin da ake ciki: in sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko launinsu ya sauya, ko sun shige ciki ba a ganinsu, a dawo asibiti a ranar, ko da dare ne.

Haka za a yi ta yi mako-mako, yawanci sau biyar ko shida, har ƙafar ta kalli waje da awon digiri 60 zuwa 70. Wannan ya wuce yadda ƙafar kowa take, kuma da gangan ne, domin za ta ɗan dawo. Abin da ke saura shi ne dunduniyar da ta ɗage, wadda agara ke riƙe da ita. Agara ba ta da saurin miƙewa irin sauran jijiyoyin, don haka a yawancin yaran, kamar takwas cikin goma ko fiye, sai an tsinke ta. Jin haka kan sa hantar iyaye ta kaɗa, amma aikin bai kai yadda ake zato ba: maganin kashe zafi a wurin, tsinin ƙaramar wuƙa ta ɗan huda, a ji ɗan ƙas, ƙafa ta ɗago sama. A sa filastar ƙarshe ta sati uku, kafin a cire ta agarar ta haɗe da kanta a sabon tsawo. Fiye da tara cikin goma na ƙafafun da aka bi da su haka suna miƙewa.

Ponseti ya wallafa sakamakonsa a 1963, duniyar likitocin ƙashi ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da yanka. A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne: aikin filasta ba ya kawo suna, ba ya kawo kuɗi, kuma yana bukatar haƙurin da ɗakin tiyata ba ya koyarwa. Sai a 1995 aka fitar da binciken da ya duba yaransa bayan kimanin shekara 30, aka ga yawancinsu suna rayuwa da ƙafafun da ba su bambanta sosai da na sauran mutane ba. A 1996 ya fitar da littafinsa yana da shekara 82. Sauran aikin iyaye ne suka yi shi, waɗanda suka dinga gaya wa juna ta intanet cewa akwai wani tsoho a Iowa da ke gyara ƙafa ba yanka, suna kwasar 'ya'yansu suna kai masa. Ya rasu a 2009 yana da shekara 95, kuma ranar haihuwarsa, 3 ga Yuni, ita aka ware a duniya don tunawa da masu wannan lalura.

Afirka ta ba da tata gudummawar. A Yuganda, Shafique Pirani, likitan ƙashi haifaffen ƙasar da ke aiki a Kanada, da abokan aikinsa sun nuna cewa ba sai babban likita ba. Jami'an lafiya da aka horar da kyau suna iya yin ɗaurin daidai. Shi ne kuma ya tsara ma'aunin da ake duba alamu shida a ƙafa a ba ta maki daga sifili zuwa shida, don a san ko ana ci gaba. A Yugandan ne kuma wani ɗan ƙasar Holan, Michiel Steenbeek, ya ƙera takalmin riƙo da fata da sandar ƙarfe, irin wanda baduku da maƙeri za su iya haɗawa da kuɗi kaɗan. Ga ƙasar da likitocin ƙashi ba su da yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai irin wannan jariri a Kano ya san hanyar Asibitin Ƙashi na Dala, a Yamai kuma akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010.

Takalmin nan shi ne inda gwanintar ke barin hannun ma'aikaci ta koma hannun uwa, kuma a nan aka fi faɗuwa. Takalma biyu ne haɗe da sanda mai faɗin kafaɗun yaro, suna riƙe ƙafafun suna kallon waje. Wata uku na farko yaro yana cikinsa awa 23 a rana, daga nan sai lokacin barci kawai, dare da rana, har ya kai shekara huɗu ko biyar. Abin da ya murɗe ƙafar tun farko bai mutu ba, yana nan yana jan ta muddin yaro na cikin saurin girma. Yawancin yaran da aka daina sa wa takalmin da wuri ƙafarsu tana komawa, waɗanda aka dage musu kuwa kaɗan ne ke samun haka.

Faɗa da baki yana da sauƙi. Goyo da sanda tsakanin ƙafafu sai an koya. Yaro zai yi kuka daren farko da na biyu, domin ya saba harba ƙafa ɗaya yanzu sai ya harba biyu tare, kaka kuma za ta ce, "Ku cire wa yaron nan ƙarfen nan, ƙafa ai ta warke." Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan nemi a zo masa da kakar da uban tun kafin a kai ga takalmi, ya nuna musu yadda ake zura dunduniya har ƙasa, a fara ɗaure maɗaurin tsakiya, a duba fata ko ta yi ja. Tun lokacin filasta ma akwai nasa rigingimun: ba a jiƙa ta, don haka wankan jariri na safe da yamma ya koma goge jiki da tsumma, ga kuɗin mota kowane mako ga wanda ya fito daga ƙauye.

An fi so a fara cikin makonnin farko bayan haihuwa, amma wadda ta tsaya sai ta yi arba'in ba ta makara ba, haka ma wanda ya riga ya fara tafiya. Ana gyara na yara masu shekaru da dama da wannan hanya, sai dai ɗaurin ya fi yawa, wani lokaci a haɗa da ƙaramar tiyata. In ƙafa ta fara komawa, akan sake filasta biyu ko uku a mayar da yaro cikin takalmi, in kuma ya haura shekara biyu da rabi zuwa uku yana taka gefe, akan sauya wa wata jijiya mazauni daga cikin ƙafa zuwa tsakiyarta. Ƙafar da aka gyara takan ɗan fi 'yar'uwarta ƙanƙanta, sha-raɓarta ta fi siranta, wani yaron ma sai an saya masa takalma masu lamba daban-daban. Da ita zai yi gudu, ya buga ƙwallo, ya durƙusa ya yi salla.