Tarke a Kan Aikin Mayar da Tsofaffin Rubuce-rubuce Cikin Kwamfuta

Tun shekarar 1954 da aka kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Kenneth Dike, ake ta fafutukar ceto tsofaffin takardun Nijeriya daga gara da ɗanshi da gobara. Daga baya aka buɗe rassa a Kaduna da Inugu. A 1964 Jami'ar Ibadan ta kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci, inda John Hunwick da abokan aikinsa suka riƙa aro littattafai daga hannun malamai suna ɗaukar hotonsu a kan siririn fim, sannan su mayar wa masu su. Gidan Arewa da ke Kaduna ya biyo baya a 1970. Ke nan ɗaukar hoton takarda domin adana ta ba sabon abu ba ne. Abin da ya sauya shi ne na'ura, kuma a nan muke son mu tsaya mu auna abin da wannan sauyi ya tsinana wa mai nazarin Hausa.

Misalin da za mu ɗauka shi ne shirin ceto ma'ajiyun da ke cikin haɗari, wanda Laburaren Birtaniya ya fara a 2004 da tallafin gidauniyar Arcadia. A ƙarƙashinsa an ɗauki hotunan waƙoƙin Fulatanci na ajami na zamanin jihadi, da wasu takardu na ma'ajiyar Kaduna. Dole mu yaba wa shirin a kan ƙa'idarsa cewa asalin takarda ba ya barin ƙasar da aka same shi, kuma ana ajiye kwafin hotunan a wata cibiya ta cikin ƙasar. Wanda ya tuna abin da ya auku a Tambutu a Janairun 2013, lokacin da aka ƙone ko aka yi awon gaba da rubuce-rubuce kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, ba zai raina wannan ƙoƙari ba.

Sai dai kash, hoto ba ya karanta kansa. Babbar nakasar da muke gani a galibin irin waɗannan ayyuka ita ce ƙarancin bayani a kan abin da aka ɗauka. Littattafan malamanmu ba ɗinkakku ba ne, warwatsattsun takardu ne a cikin bango ko gafaka, kuma abin da ke haɗa shafi da shafi shi ne kalmar da marubuci ke ajiyewa a gindin takarda domin nuna farkon mai bi mata. Idan mai ɗaukar hoto bai san wannan ba, yadda ya tarar da takardun a hargitse haka zai jera su, sai waƙa ɗaya ta rabu gida uku, ko wasiƙa ta kutsa tsakiyar littafin fiƙihu. Har ila yau, a gafaka guda akan sami Larabci da Fulatanci da Hausa, duk da baƙaƙe iri ɗaya. Wanda bai saba da ajami ba, da zarar ya ga baƙaƙen sai ya rubuta "Larabci" a kundin bayani, alhali ɗigon imala da ke ƙarƙashin baƙi, da ɗamisa hannu mai ɗigo uku da ake rubuta "ts" da ita, sun isa su nuna masa Hausa ce. Waƙar da aka yi wa wannan rajista ta ɓace wa ɗalibin Hausa, ko da kuwa hotonta na nan garau a intanet, domin ba inda zai neme ta.

Akwai kuma shaidun da hoton ba ya kamawa sai an nufe su da gangan. Yawancin takardun da aka yi rubutu a kansu a ƙarni na 19 daga Italiya suka fito, masu tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinsu, wanda ba a gani sai an ɗaga takarda an haska ta. Da irin wannan tambari masana ke kirdadon zamanin kwafi. Ramzin da mawaƙi ke rufe waƙarsa da shi kuwa, shekarar da aka tsara waƙar yake nunawa, ba shekarar da aka kwafe ta ba, kuma ƙidayarsa a kan lissafin abajada na Magariba take, wanda ya saɓa wa na Gabas a wasu baƙaƙe. Mai tsara kundi da ya rikita waɗannan zai iya kuskure shekarar waƙa da ɗaruruwa.

Wannan ya shafi manhaja kai tsaye. Muna ɗora wa ɗalibi nazarin waƙoƙin ƙarni na 19, amma abin da ke isa aji shi ne wanda wani ya riga ya zauna ya tace, kamar tarin ayyukan Nana Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka buga a 1997. Shekaru suka kwashe suna gwada kwafi da kwafi. Dubban hotuna marasa bayani ba su rage wa malamin aji ko taƙi ɗaya na wannan wahala ba.

Game da dawwama kuwa, a ganinmu an cika baki. A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar Birtaniya a kan faifan leza, amma kafin 2002 na'urorin karanta faifan sun kusa ƙarewa, sai da aka yi aikin ceto na musamman. A Oktoban 2023 masu kutse suka afka wa Laburaren Birtaniya kansa, ayyukansa na intanet suka tsaya cik, babban kundinsa bai dawo ba sai Janairun 2024. Idan haka ta sami cibiya mai wannan ƙarfi, ina ga kwafin da aka miƙa wa cibiyoyinmu a kan faifai guda, a ɗakin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa? Kuɗin tallafi na ɗaukar hoto ne, kuma yakan ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu. Duba lafiyar faifai, da sauya shi kafin ya lalace, da ajiye kwafi a wurare daban-daban, aiki ne na kowace shekara da ke buƙatar ma'aikaci da kasafi na dindindin.

Saboda haka muna ganin duk aikin da za a amince da shi nan gaba ya kamata ya ƙunshi makarancin ajami tun ranar farko, zai fi kyau ma a samo shi daga malaman zaure, ya zauna kusa da mai ɗaukar hoto. A rubuta harshen kowane matani, da baitinsa na farko a boko, da sunan mai kwafi idan akwai, kuma a samar da kundin bayanin da Hausa. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi za su iya karɓar wani kaso na hotunan da ake da su yanzu, su raba wa ɗaliban ajin ƙarshe a matsayin aikin kundin kammala karatu, kowane ɗalibi waƙa guda.