Inji ya yi zafi: a auna top kafin a yanke hukunci

Wata ɗabi'a tana samun gindin zama a ƙananan garejin Manchester da Birmingham, kuma tana damuna. Mota ta yi zafi har lagireto ya tafasa, sai bakanike ya jona kwamfuta, ya leƙa murfin baƙin mai, ya ce ko dai a sauya gasket ko a sa wani injin na hannu. Wasu ma maganin toshe yoyo kawai suke zubawa. Tun 2001 dokar Turai ta wajabta wa sababbin motocin fetur wurin jona kwamfuta, kuma kwamfutar tana da amfani, amma ba ta ganin ko top, wato kan inji, ya lanƙwashe ko ya tsage. Farin kumfan da ke ƙarƙashin murfi ma ba hujja ba ce, domin sanyin Ingila da gajerun tafiye-tafiye kan haifar da shi a lafiyayyen inji.

Bai kamata a ce sai an koya wa Birmingham wannan ba. A masana'antar Longbridge da ke garin aka ƙera injin K-Series na Rover, wanda ya fito a 1989 kuma ya yi ƙaurin suna wajen ƙona gasket, har a motar Freelander mai lita 1.8. Injin alminiyam ne mai ɗaukar ruwa kaɗan, yoyo ƙalilan ya isa ya dafa shi. Abin da makanikai suka gano shi ne, alminiyam idan ya sha wuta yakan yi laushi, sai zoben gasket ya nutse a fuskarsa ya bar sawu. Ka ɗaura sabon gasket a kan irin wannan top, ba za a jima ba motar za ta dawo tana tururi. Saboda haka gwani kan fara da ruwan gwaji mai launin shuɗi a bakin gorar ruwa: in ya koma rawaya, hayaƙin silinda na shiga ruwa. Daga nan ya hura iska cikin kowace silinda ya ga inda take tsira. In an kwance top, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa a zura ma'auni, don a injuna da dama ratar da ta wuce milimita 0.05 ta isa matsala. Sannan a kai shi wurin masu injin gogewa su gwada taurinsa, su matsa masa iska cikin ruwan zafi ko tsaguwa za ta bayyana.

Za a ce kuɗin aiki a Ingila da tsada, motar kuma ta tsufa. Gaskiya ne, amma gwajin farko na mintuna ne, kwance inji sau biyu kuwa shi ne tsadar. Injin hannun da ake gudu gare shi ma ba wanda ya san sau nawa ya tafasa. Kuma sauya inji ba ya kashe sanadi: a 2018 Ford ta amince ta biya masu injin EcoBoost mai lita 1.0 da suka lalace, tushen matsalar kuwa bututun ruwa ne. Mai tsohuwar motar da ke biyan fam 8 a rana don shiga tsakiyar Birmingham tun Yunin 2021 zai iya cewa gyaran bai cancanta ba, amma haƙƙinsa ne bakanike ya nuna masa abin da ma'auni ya nuna kafin ya zaɓa.