Sarƙar Ɗorayi da tambayar da ba a yi ba

Bayan isha'i muka sake kallon fim ɗin nan na BBC na 2018, Sweet Sweet Codeine, ni da wata maƙwabciyata a nan Shari'a Mansur. Ita ce ta nemi mu kalla, domin tana shawarar tura ɗanta mai shan Captagon gida Najeriya "a gyara shi".

Fim ɗin ya yi aiki, wannan ba musu. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Amma da kyamara ta shiga cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi a Kano, ta nuna samari ɗaure da sarƙa, tambaya ɗaya na ji tana yawo: me suka sha, wa ya sayar musu? Ni a bakin gado na koyi wata tambayar daban: me ya same ka kafin ka fara?

Ba tausayin mata ba ne kawai, kamar yadda wani likita ya taɓa yi min ba'a. Binciken Vincent Felitti a Amurka, wanda ya fara fitowa a 1998, ya nuna wanda ya haɗu da nau'i huɗu ko fiye na wahalar ƙuruciya, kamar duka, fyaɗe ko ganin ana jibgar uwarsa, haɗarin faɗawarsa shaye-shaye ya ninka sau da yawa. Ƙwayar sau tari barci ake saya da ita. To ka ɗaure mai irin wannan tabo, ka yi masa tsawa, ai abin da yake gudu ka maimaita masa. Mun gani a Rigasa a Satumban 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga gidan mari.

Kula da mai tabon zuciya ba ta buƙatar na'ura. Ki nemi izini kafin ki taɓa shi. Ki faɗa masa abin da allurar za ta yi. Kada ki tsaya tsakaninsa da ƙofa.

Na ce mata, "Yaya, yaushe yaron nan ya daina barci?" Ta yi shiru, sannan ta ce tun hajjin 2015. Yana tura keken alhazai a Mina ranar turmutsitsin, yana ɗan shekara 16. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya gani.