Kiɗan da Aka Saya Aka Ajiye: Shari'ar North da Kubrick

A Hausa, idan an ce "makaɗi" ana nufin wanda ya ƙaga kiɗa, ana kuma nufin wanda ya kaɗa shi, domin galibi mutum ɗaya ne. A sana'ar silima ta Turai da Amurka ba haka abin ya ke ba. Wani ne ke rubuta kiɗan, waɗansu su kaɗa, mai ba da umurni ya zaɓi abin da za a ji, kamfani kuma ya mallaki faifan. Zan kira na farkon "mai tsara kiɗa", don a bambanta shi da sauran.

A ƙarshen 1967 Stanley Kubrick ya ɗauki Alex North, wanda ya yi masa kiɗan Spartacus a 1960, don ya tsara kiɗan 2001: A Space Odyssey. North ya zo Landan ya rubuta abin da ya kai wajen minti 40, aka ɗauka a Janairun 1968, sa'an nan aka ce ya dakata. Sai da ya zauna kallon hoton a New York, cikin Afrilu, ya tarar ba a sa komai daga aikinsa ba. Kubrick ya bar tsofaffin faifan da ya ɗora na wucin gadi sa'ad da a ke haɗa hoton, watau kiɗan Richard Strauss, da Johann Strauss, da Khachaturian, da Ligeti.

Masu goyon bayan North sun daɗe suna cewa da an ji kiɗansa da an gane asarar da aka yi. To, an ji. Jerry Goldsmith ya sake ɗaukarsa a 1993, shekara 2 bayan rasuwar North, kamfanin Intrada kuma ya fitar da ɗaukan asali a 2007. Ni dai a ganina faifan nan ba su ba shi nasara ba. Kiɗan buɗewar da ya tsara yana bin sawun na Richard Strauss taki bayan taki, daga ƙarar ƙaho har zuwa amon da a ke rufewa da shi, kamar ɗalibin da aka ba misali aka ce ya yi irinsa amma kada ya kwafa. Ba rashin gwaninta ba ne. An sa shi gasa ne da abin da kunnen Kubrick ya riga ya saba da shi, wanda kuma aka yanka hoton bisa bugunsa. A wurin da jirgi ke kusantar tashar sararin sama, North yana gaya wa mai kallo abin da zai ji a ransa. Kiɗan rawa na Johann Strauss kuwa ba ruwansa da jirgin, wannan rashin kulawar ce ta sa ƙarafa suka zama kamar masu rawa. Amma fa a lura, kiɗan da aka yi domin hoto aka saurare shi ba hoton, shaida ce rabi.

Inda Kubrick ba shi da hujja shi ne shirun da ya yi. Zaɓe haƙƙinsa ne, an kuwa biya North ladansa. Ɓoye masa har ranar taro, wannan ba ya cikin yarjejeniya ko mutunci.

Batun Ligeti ya fi wannan nauyi, ko da ya ke ba a cika tsayawa a kansa ba. Shi ba a ɗauke shi aiki ba, ba a nemi yardarsa ba, aka ɗebi kiɗansa, har aka jirkita sautin Aventures da na'ura, ba a ko rubuta sunan wannan aikin a jerin ƙarshe ba. Ya nemi haƙƙinsa, aka sasanta. North an hana a ji shi, Ligeti kuwa an sa an ji shi yana faɗin abin da bai faɗa ba.

Hatta faifan da MGM ta sayar a 1968 ba ainihin abin da ke cikin hoton ba ne. Kiɗan Richard Strauss da a ke ji a silima na Karajan ne da makaɗan Vienna, wanda kamfanin Decca ya bayar bisa sharaɗin kada a ambaci suna. Wanda ya sayi faifan kuwa na Karl Böhm ya kai gida.