Littafin Waƙoƙi da waƙar matan zumunta

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa bi ta ƙofar majami'a ran Lahadi da hantsi, ko a Maraɗi ko a Damagaram ko a wani ƙauyen Gobir, to ka ji waƙa iri biyu. Ɗaya ana jan ta sannu-sannu, kowa tsaye da littafi a hannu. Ɗayar kuwa ta mata ce, da kiɗa da tafi, mai ba da waƙa ta bayar, saura su amsa. Dukansu Hausa ne, dukansu yabon Allah ne. Amma kunnen Bahaushe ya san ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Ta farkon daga Littafin Waƙoƙi take fitowa. Turawan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Littattafansu na Hausa daga Najeriya suke zuwa. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, littafin waƙoƙin kuma hanyar da ya biyo ke nan. Mafi yawan waƙoƙin da ke cikinsa da Ingilishi aka tsara su, a Ingila da Amurka. Aka juya kalmomin zuwa Hausa, aka bar musu muryarsu ta can.

A ba shi hakkinsa tukuna. A zamanin da lakwal ba ta san wani harshe ba sai Faransanci, wannan littafi ya zama allon karatu ga manoma da yawa. Mutum ya riga ya haddace waƙa da ka, sai ya ɗora yatsa bisa takarda yana bin ta baƙi-baƙi, har ido ya saba. Neman lambar waƙa ma ya koya wa wasu ƙirga a rubuce. Kuma waƙoƙin suna da nama a jikinsu: baiti huɗu ko biyar, kowane da koyarwarsa, ana tashi daga zunubi a kai ga gafara, a ƙare da begen tashin matattu. A bakin kabari babu abin da ke riƙe zuciyar tsofaffin masu bi kamarsu.

To ina aibin? Yana ga kunne. Waƙar Ingilishi ƙirga gaɓoɓi take yi, tana duba inda ake danna murya. Waƙar Hausa kuwa awo take yi: wannan gaɓa mai nauyi ce, waccan marar nauyi. Ga kuma hawa da saukar murya, wanda shi ke raba kalma da kalma a harshenmu. Mai juya waƙar ya ƙirga gaɓa takwas nan, takwas can, ya ga sun yi daidai, ya wuce. Bai auna su ba.

Ga misali. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci tun da can sun tuna lokacin da ake rubuta dogon wasali sau biyu. A wancan rubutun, duka na jimla daban yake da duuka na sanda. In muryar waƙa ta ja gaɓar farko ta kalmar nan, jama'a na nufin su ce Allah ya ba su kome da kome, kunne kuwa bugu yake ji. Haka wuya: in murya ta hau sannan ta sauka, wuyan da ke ɗauke da kai ne, in ta fara ƙasa ta hau, wahala ce. Muryar da aka tsara a Landan ba ruwanta da wannan. Wanda ya girma cikin majami'a ba ya jin tuntuɓen, don ya san abin da ake nufi tun yana goye. Baƙo fa? Maƙwabcin da aka gayyato ɗaurin aure zai zauna yana jin harshensa kamar ta bayan bango. Abin da zai koma gida da shi shi ne addinin nan na Nasara ne, ko da babu Bature ko ɗaya a ɗakin.

Laifin bai tsaya ga masu fassara ba. Masu mishan na farko sun ƙyamaci ganga, suna ganin ta kayan ƴan bori ce da ƴan wasa. Da suka rufe wa kiɗan ƙasa ƙofa, sai karin ƙasa ya tsaya waje tare da shi. Dubi abin da malaman Musulmi suka yi. Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, ya ɗauki karin caji, wanda na makaɗa ne, ya zuba wa'azin Imfiraji a ciki. Shi ya sa almajiri da mai talla suke rera ta ba tare da an koya musu murya ba.

Matan zumunta wannan hanya suka bi, ba da wani ya aike su ba. Da yawansu ba su iya karatu, saboda haka littafin bai ɗaure su ba. Muryar waƙarsu daga maganar take tsirowa, kamar waƙar daka ko ta niƙa. Kuma inda rayuwa take can suke kai ta: gidan suna, rakiyar amarya, zaman makoki, gaida marar lafiya. Suna waƙa a kan haƙuri da miji, da gulma tsakanin masu bi, da rowa wajen baiko, da uwar da ɗanta ya tafi cin rani bai aiko ba. Waɗannan su ne ke hana mai bi barci daga Litinin zuwa Asabar, littafin kuwa kaɗan yake taɓawa daga cikinsu.

Ban ce tasu ba ta da aibi ba. Sau da yawa magana ɗaya ce ake ta juyawa har gumi ya keto, in ka tambayi abin da aka koya, ba ya cika tafin hannu. Wani lokaci gargaɗi yakan zame ya koma habaici, kowa a majami'ar ya san da wa ake. Yanzu kuma ga waƙoƙin da ake kwasowa ta salula, da kiɗan inji mai danne kalmomi. Babbar asarar ita ce ba a rubuta su. Tsohuwa mai ba da waƙa ta rasu, an binne ta da abin da ke kanta.

A ganina gyaran ba ya bukatar a jefar da littafin. Wanda ya san karin waƙa ya zauna da dattawan ikilisiya, su rera kowane baiti da ƙarfi, inda kalma ta karye a sauya ta da wadda ta dace da muryar. Kai kuma da ka iya rubutu, sayi kaye ɗaya, ka tafi inda matan ke koyon waƙa. Rubuta abin da mai bayarwa ta ce a layi ɗaya, amshi a ƙarƙashinsa, ka sa sunan wadda ta tsara da garinsu da shekara. In ka gama ka karanta musu, su gyara maka inda ka ji ba daidai ba.