Taron muhalli bai iso kasuwa ba

Duk 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, ɗalibanmu kan tafi taron bita cikin Abuja. Madalla da himmarsu. Amma fa da Turanci ake laccar, kuma babu mai gawayi ko mai fiya wata a wurin. Mu 'yan kasuwar Kuje mun san leda ke toshe kwata har ruwan damina ya shigo shago. An ce a daina sare itatuwa. To, uwargidan da gas ya fi ƙarfinta, da me za ta tuƙa tuwo? Har yau ba mu ji amsa ba. 'Ya'yanmu, ku zo bayan sallar Juma'a ku yi bayani da Hausa, za mu ba ku lasifika. Ku taho da shebur.